SULAIMANU BARAU: SARKIN DA YA BAR WA NIJERIYA SUNAN GARINSA

Daga Wakilinmu a Abuja

'Yan'uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, waɗanda kan biyo ta Lakwaja in za su gida da salla, da yawansu sun san Abuja ta tagar mota kaɗai. Su wuce Gwagwalada, su wuce Zuba, su hangi Dutsen Zuma, direba ya miƙe hanyar Kaduna, shi ke nan. Waɗanda kuwa fatauci ya taɓa ratsawa da su cikin birnin, watakila sun san unguwar Kado, inda babbar kasuwar kifi take, ba nisa da tafkin Jabi. Yau Kado benaye ne da rukunin gidaje da kwalta. Kafin 1976 kuwa ƙauyen Gwari ne da gonakin doya da dawa, cikin ƙasar wani sarki wanda fadarsa take can bayan Dutsen Zuma.

Da mutum zai tsaya a bakin kasuwar nan ya tambayi masu saye da sayarwa inda sunan Abuja ya samo asali, da wuya ya sami amsa mai gamsarwa. Alhali kuwa sunan nan yana da masu shi, kuma sun riƙe shi kusan shekara 150 kafin a aza tubalin farko na sabon birni. Mutumin da aka karɓi sunan daga hannunsa shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, Sarkin Abuja na shida: ɗan sarki, jikan sarki, malamin makaranta, kuma ɗaya daga cikin 'yan Arewa na farko da suka zauna majalisar dokoki a Ikko. Tarihinsa muka kawo wa masu karatu a wannan mako.

GIDAN DA YA FITO

Asalin gidan sarautar Abuja daga Zariya yake. Sarakunan Haɓe ne na Zazzau, watau waɗanda suke bisa gado kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Na ƙarshensu a birnin Zariya shi ne Muhammadu Makau. Masu tarihin Abuja sun ce yana filin Idi a bayan gari rundunar Malam Musa ta auka masa, bai sami komawa cikin birni ba, sai ya yi kudu da jama'arsa har ya sauka Zuba, cikin ƙasar Koro. Daga nan ya yi ta yaƙi har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825.

Ƙanensa Abubakar ya gaje shi. Mutum ne ja, saboda haka ake ce masa Abu Ja, waɗansu kuma su ce Jatau. Shi ne ya kafa sabon gari a 1828, aka kewaye shi da ganuwa, garin kuma ya ci sunansa. Abin da mutanen garin suke alfahari da shi har gobe shi ne, duk hare-haren da aka yi ta kai musu cikin ƙarni na 19, Fulani ba su taɓa cin Abuja da yaƙi ba. Don haka ne sarautun Haɓe na dā da al'adun fadarsu suka tsira a nan bayan sun sāke kama a sauran manyan biranen Hausa, don haka ne kuma sarkin garin bai yar da sunan Sarkin Zazzau ba.

Bayan Abu Ja sai ɗan'uwansa Abu Kwaka, wanda ake kira Dogon Sarki, ya hau a 1851. Daga nan sarauta ta zama ta gida biyu, ana karɓa-karɓa. Ibrahim ɗan Abu Ja ya yi sarauta daga 1877 zuwa 1902, shekarar da Turawa suka shiga garin. Sa'an nan Muhammadu Gani ɗan Abu Kwaka ya riƙe har 1917, kana Musa Angulu ɗan Ibrahim. A gidan Muhammadu Gani aka haifi Sulaimanu Barau a 1903, shekara guda da zuwan Turawa. Ke nan bai taɓa ganin sarautar gidansu da cikakken ikonta na dā ba. Ya buɗe ido ne ya tarar akwai Razdan da Di'o bisa kan ubansa.

ALLI KAFIN RAWANI

A zamanin nan sarakuna da yawa ba su yarda da makarantar boko ba. In Bature ya matsa a kawo yara, akan tura 'ya'yan bayi da na barori, a ɓoye na ciki. Sulaimanu kuwa an sa shi makarantar lardi ta Bida, daga can ya wuce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa don horad da malamai. Shekara biyar ya yi a can, ya fito a 1927 da takardar shaidar malanta. Shekara guda kafin fitarsa wani yaro daga Rabah ya shiga makarantar, shi ne wanda duniya ta sani daga baya da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya shiga a 1928. Kowa ya dubi wannan jeri ya san irin tukunyar da ta dafa mutanen da suka riƙe Arewa.

Daga 1927 zuwa 1931 Malam Sulaimanu yana koyarwa a Keffi da Bida. Ɗan sarki ne, amma ga shi da alli a hannu, yana cin albashin wata kamar kowane ma'aikaci, a garuruwan da ba ubansa ke mulki ba. Duk wanda ya taɓa barin gida ya zauna inda ba a san asalinsa ba, ya san abin da wannan yake koya wa mutum. A garin wani ba a tambayar wane ne kakanka, aikinka ake dubawa.

A 1931 aka kira shi gida aka ba shi hakimcin Diko, garin nan da matafiya suka sani da mararrabarsa a hanyar Kaduna. Ƙasar Gwari ce, saboda haka aikin haraji da shari'a da sulhu duk tsakanin mutanen da harshensu da al'adarsu dabam ne da nasa ya yi shi. A 1936 kuma aka dawo da shi ofishin En'e na Abuja don ya taimaki Sarki Musa Angulu, wanda tsufa ya fara kamawa. Shekara takwas ya yi yana wannan aiki. Abin lura a nan shi ne, Sarki Musa daga ɗaya gidan yake, amma hakan bai hana Sulaimanu yi masa hidima ba. Da sarautar ta faɗi a 1944, ba a sha wahalar neman magaji ba. Yana da shekara 41 aka naɗa shi, ya zama cikin sarakunan farko na Arewa da suka hau gado da cikakken ilmin zamani.

Abin da aka fi tunawa da shi a farkon sarautarsa shi ne hana afi. Al'ada ce tun ta kaka da kakanni, talaka in ya zo gaban sarki sai ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya zuba a kansa. Sarki Sulaimanu ya ce a bari. Wani zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma a tuna ba Bature ne ya tilasta shi ba, ba kuwa 'yan siyasa ne suka yi masa ihu ba, don a lokacin ba a ma kafa jam'iyyu a Arewa ba. Girma ne da ya gāda, ya sa hannu ya ajiye da kansa. Wannan hali za mu sāke gamuwa da shi a ƙarshen labari.

TAFIYA IKKO

Matasanmu da yawa ba su san cewa tun daga haɗewar 1914 har zuwa 1946 babu wakilin jama'ar Arewa a Majalisar Dokoki ta Ikko ba. Gwamna ne kaɗai yake yi wa Arewa doka da sa hannunsa. Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ya kawo ƙarshen wannan. Aka kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna, kowace kuma ta tura mutanenta Ikko. Daga ɓangaren wakilai akwai irin su Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aliyu Makaman Bida. Daga ɓangaren sarakuna kuwa mutum huɗu aka tura: Sarkin Gwandu Yahaya, da Sarkin Katsina Usman Nagoggo, da Atta na Igbirra Alhaji Ibrahim, da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau.

To, a dubi wannan zaɓe da kyau. Abuja ƙaramar masarauta ce in an gwada ta da Kano ko Sakkwato ko Barno, ba ta da yawan jama'a, ba ta da kauri a baitulmali. Abin da ya kai sarkinta wannan kujera shi ne abin da ya koyo a Katsina. Da Turanci ake muhawara a majalisar, gaban lauyoyi da 'yan jarida na Kudu waɗanda suka daɗe da gogewa, cikinsu har da Dokta Nnamdi Azikiwe da yake wakiltar Ikko. Arewa tana bukatar wanda zai ji da kunnensa ya kuma mayar da bakinsa, ba sai an jira tafinta ba.

Hanyar Ikko a lokacin ba irin ta yau ba ce. Sai an yi mota zuwa Minna, sa'an nan a hau jirgin ƙasa a kwana a tashi ana tafiya. Majalisar kuma takan zaga: ta zauna Ikko a 1947, Kaduna a 1948, Ibadan a 1949, Inugu a 1950. A waɗannan zaman ne shugabannin Arewa da na Kudu suka fara zama ɗaki guda suna gardama kan kuɗin ƙasa da makomarta, aka fara sanin juna, da daɗi da ba daɗi. Mu da muke zaune Kudu yau muna iya cewa Sarkin Abuja yana cikin waɗanda suka fara share mana wannan hanya ta fuskar mulki, ko da yake fatake da 'yan koli da mahauta sun riga kowa.

Wannan zamani bai daɗe ba. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya kawo zaɓe da jam'iyyu, NPC da NEPU suka fito fili, a 1954 kuma Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Magana ta koma hannun waɗanda aka zaɓa. Sarki Sulaimanu ya ci gaba da zama Majalisar Sarakuna a Kaduna har soja suka rushe ta a 1966, amma ƙarfin aikinsa ya koma gida.

TUKWANE DA LITTAFI

Abu biyu da aka yi a Abuja a zamaninsa sun kai sunan garin nesa tun kafin a yi mafarkin sabon birni. Na farko tukwane. Sarki mutum ne mai sha'awar aikin matan Gwari, har ya tara tukwanensu masu zāne a fadarsa. A 1950 gwamnati ta ɗauko wani Baturen Ingila gwanin ginin tukwane, Michael Cardew, ya zaga ƙasa yana neman inda za a kafa makarantar wannan sana'a. A fadar Abuja ya ga tukwanen wata mata daga Kwali, ana ce mata Ladi. Ga yumɓu mai kyau a ƙasar, ga itace, ga ruwa, ga kuma sarki mai goyon baya. Nan aka kafa makarantar, ta fara aiki sosai a 1952. Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko, daga nan aikinta ya kai ta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984.

Na biyu littafi. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, 'yan garin, suka rubuta tarihin Abuja da al'adunta da Hausa, wani Bature Frank Heath ya juya shi da Turanci aka buga a 1952. Har yanzu duk mai binciken yadda sarautar Hausa take kafin jihadi sai ya nemi wannan littafi. Sarkin da ya taɓa riƙe alli ya san abin da ba a rubuta ba iska ke kwashewa.

YADDA TA KAYA A INDIYA

Masu zuwa silima sun saba ganin maharaja da giwaye da fadoji a finafinan Indiya. Abin da fim ba ya nunawa shi ne yadda ta ƙare musu, kuma labarin ya yi kama da namu. Lokacin da Indiya ta sami mulkin kai a 1947 akwai masarautu fiye da 500 a ƙasar. Aka lallashe su suka miƙa ƙasashensu ga sabuwar gwamnati, bisa alkawarin za a riƙa ba su wani kuɗi duk shekara, a kuma bar musu sunayen sarautarsu. A 1971 Firayim Minista Indira Gandhi ta sa aka gyara tsarin mulki, aka soke kuɗin da sunayen gaba ɗaya.

Waɗansu 'ya'yan sarakunan suka mai da fadojinsu masaukin baƙi. Waɗansu kuwa suka shiga neman ƙuri'a wurin mutanen da dā talakawan iyayensu ne. Gayatri Devi, matar Maharajan Jaipur, ta ci zaɓen majalisar ƙasa tun 1962. Madhavrao Scindia, ɗan Maharajan Gwalior, ya ci nasa a 1971 yana da shekara 26, ya yi ministan jiragen ƙasa a zamanin Rajiv Gandhi, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 2001. Amarinder Singh na gidan Patiala ya shugabanci gwamnatin jihar Punjab har sau biyu. Darasin guda ne: asali yakan buɗe ƙofa, amma ba ya riƙe wa mutum kujera.

A nan gida ba a soke sarauta ba, sai dai an yi ta fige ta a hankali. A 1967 aka raba Jihar Arewa, Abuja ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Janar Gowon, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya kwashe abin da ya saura. Duk sarakunan Arewa sun sha wannan. Amma Sarkin Abuja an nemi wani abu a wurinsa wanda ba a nema wurin kowa ba.

SHEKARAR 1976

A watan Agusta 1975 Janar Murtala Muhammed ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, don ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama babban birnin tarayya. Wanda ya san cunkoson gadar Carter ya san dalili. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, inda babu wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya sanar wa ƙasa, aka kafa Doka ta 6 ta wannan shekara. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe shi a Ikko.

Ƙasar da aka yanka ta kai murabba'in kilomita wajen 8,000, daga jihohin Neja da Filato da Kwara, amma kaso mafi tsoka daga masarautar Abuja ya fito. Garki da Bwari da Kuje da Kwali da Zuba, inda Makau ya fara sauka, da ƙauyuka irin su Kado, duk suka fita daga hannun Sarki. Garin kansa ya tsaya cikin sabuwar Jihar Neja. Sa'an nan aka zo kan suna. Sabon birni ya ɗauki Abuja, tsohon gari kuma aka sa masa Suleja, watau aka ɗauki farkon sunan Sarki Sulaimanu aka haɗa da ƙarshen sunan Abu Ja.

Kada mu yi wa tarihi kwalliya. Mulkin soja ake yi, doka kuwa ta riga ta fita, babu sarkin da zai iya tare ta. Abin da yake hannun Sarki shi ne yadda zai karɓi al'amarin, ko da husuma da ƙorafi, ko da dattako. Yana da shekara 73, ya ga ƙasar da kakanninsa suka kare da kibiya ta tafi da alƙalami cikin yini guda, bai tayar da fitina ba, bai zuga kowa ba. Har ma a garinsa ma'aikatan hukumar gina sabon birni suka fara kafa sansaninsu, daga nan suke shiga daji suna awo. Mutumin da ya hana a zuba ƙasa a ka dominsa, shi ne kuma ya bar ƙasar kanta.

Ya rasu a 1979 bayan shekara 35 bisa gado, bai ga birnin da ya ci sunan garinsa ba. Sai ran 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya tashi daga Ikko ya tare a can. Ibrahim Dodo Musa ya gaje shi. A shekarar rasuwar tasa kuma wani ɗan gidan sarautar, Alhaji Awwal Ibrahim, ya bi irin hanyar 'ya'yan sarakunan Indiya, ya ci zaɓen gwamnan Jihar Neja a jam'iyyar NPN, ya riƙe har juyin mulkin Disamba 1983. Daga baya ya zama Sarkin Suleja a 1993, rikicin gadon sarauta ya sa aka sauke shi a 1994, aka mai da shi a 2000.

BASHIN DA YA SAURA

Ba Sarki kaɗai ya yi hasara a 1976 ba, kuma ba shi ya fi kowa ba. Gwari, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa, su ne masu gonakin. Da farko an ce za a kwashe kowa a sāke masa matsuguni da kuɗin gwamnati. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ga kuɗin ya yi yawa, ta ce sai waɗanda aikin gini ya taɓa kai tsaye. Tun daga nan maganar diyya da matsuguni ba ta mutu ba. A Kado da makwabtanta mutum yakan ga tsohon ƙauye a matse tsakanin katangun manyan gidaje, jikokin masu gonar suna kallon filin kakansu ya zama na wani. Suleja kuma ta cika ta batse da ma'aikatan da hayar Abuja ta fi ƙarfinsu, suna kwana a Jihar Neja suna wayewa a birnin tarayya.

Mu da muke zaman baƙunci a Kudu mun san zafin a ce wa mutum ba garinku ba ne. Ya kamata mu fi kowa gane halin wanda aka mayar baƙo alhali bai taɓa barin garinsu ba. In Abuja ta kowa ce, kamar yadda aka yi alkawari, to, waɗansu ne suka biya kuɗinta, kuma ba a gama sallamarsu ba.

Mai karatu, in ka sami takardar naira ashirin, duba ta gaba da baya. A gaba Janar Murtala ne, wanda ya sa hannu a dokar. A baya Ladi Kwali ce tana gina tukunya, wadda aka fara ganin aikinta a fadar Abuja. Sarkin da ya haɗa labarin mutanen nan biyu ba ya jikin takardar, sunansa yana can a allon hanya kusa da Dutsen Zuma. In Allah ya kai mu salla, mota ta iso mararrabar Suleja, a yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Sarki Sulaimanu Barau, ya kyautata namu zuwan, amin.